Gwajin fitsari ya ce babu komai, likita ta ce da sauran magana: sharhina kan wata cibiyar masu shaye-shaye a Jos

Duk wanda ke shirin ɗaukar ɗansa ya kai shi gwajin fitsari don ya tabbatar ko yana shan ƙwaya, ina so ya karanta wannan kafin ya cire kuɗi daga aljihu. Akwai wata cibiya mai zaman kanta a nan Jos, a hanyar da ke zuwa Rayfield, wadda ke duba masu fama da shaye-shaye ba tare da an kwantar da su ba. Watanni ke nan muna zirga-zirga can da ɗan yayana. Wajen sanin aiki da faɗin gaskiya, ban ga kamarsu a garin nan ba. Wajen tsada, da jira, da bayanin doka kuwa, suna da gyara ba kaɗan ba. Sunan wurin ba zai fito daga bakina ba, saboda Jos ba ta da girma idan ana maganar tsegumi, kuma yaron yana da ƙanne mata da wata rana za a zo neman aurensu.

Ni malamar kemistiri ce a sakandare, shi ya sa Yaya ya ɗora mini wannan nauyi. A ganinsa duk abin da ya shafi magani ni ce likitar gida.

Abin da ya kai mu can a taƙaice shi ne wannan. Yaron ɗalibin jami'a ne, shekararsa ashirin da ɗaya, ba mu taɓa kama shi da ko sigari ba. Cikin sanyin Disamba, sanyin nan na Jos da ke hana mutum taɓa ruwa, abokansa suka kawo shi gida da tsakar dare yana haɗa gumi, jikinsa zafi zau. Baƙin idonsa ya buɗe ya kusa cinye idon gaba ɗaya. Yana cewa bango yana numfashi, zanen darduma yana rarrafe yana hawa ƙafarsa. Kakarsa ta ce iska ce, aka taso maƙwabci ya fara ruƙiyya. Ana cikin haka ya faɗi yana jijjiga. A nan muka kwashe shi zuwa asibiti, suka yi masa allurar da ta tsayar da jijjigar, suka sa masa ƙarin ruwa, suka yi ta sanyaya masa jiki, suka ɗebi jini don duba ƙoda. Da aka sallame shi, abin da aka rubuta a takarda bai wuce "ana zargin ƙwaya" ba. Wace ƙwaya, babu wanda ya ce.

Yaya ya so ya tura shi irin gidajen horon nan da ake kai kangararrun yara. Na tuna masa gidan Rigasa a Kaduna, inda 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300 a watan Satumban 2019, wasunsu da mari a ƙafa. Ya yi shiru. Wata nas da muka saba da ita ce ta yi mana kwatancen cibiyar nan.

Wurin gida ne da aka mayar ofis, ba allo mai girma a ƙofa, wanda na ga hikima a cikinsa, don ba kowa ne zai so a gan shi yana shiga ba. Ɗakin jira tsaf, akwai labule tsakanin masu jira da ƙofar likita. Kati naira 5,000, gwajin fitsari 15,000, kowane zama da likita 20,000, zama da mai ba da shawara 10,000. Takardar da ake cikewa duk Turanci ce, kuma tambayoyinta masu nauyi ne. Na ga wata dattijuwa daga wajen Gangare riƙe da takardar tana juya ta, babu wanda ya kula har sai da na matsa kusa na cike mata. Jira kuwa sai ka ɗauki guzuri. In an ce ka zo ƙarfe goma, azahar za ta same ka a kan benci.

Sai gwaji. An ba yaron ƙaramin kofi, nas namiji ya raka shi har ƙofar bayi, aka tsoma wata 'yar roba mai layi-layi a ciki. Kafin minti goma sakamako ya fito: babu wiwi, babu tiramol, babu kodin da danginsa, babu hodar iblis, babu ƙwayar barci, babu komai. Yaya ya ɗaga hannu sama yana hamdala, ya juyo gare ni ya ce, "Kin gani ko? Na ce miki Hajiya ce ke da gaskiya, iska ce." Har ya fara neman takalminsa.

Abin da ya sa nake rubuta wannan sharhi ya faru ne a daidai nan. Da wurin neman kuɗi ne kawai, da sun buga mana hatimi a takarda mun tafi kowa yana murna. Nas ɗin ya ce, "Alhaji, ka ɗan dakata ka ga likita. Wannan robar abu goma take nema, abin da ba a sa ta nema ba ba ta ganinsa." Likitar, mace ce likitar ƙwaƙwalwa, ta ƙara fito da shi fili. Ta ce robar kamar mai gadi ce da aka ba hotunan ɓarayi goma. Na goma sha ɗaya zai zo ya yi masa sallama ya wuce. Ƙwayoyin da ke sa gane-gane, irin su LSD da 'yan uwanta, ba sa cikin jerin. Ana shan su ne da ɗan mitsitsin awo, jiki kuma yana fitar da su da wuri, don haka ko da na'urar da ta dace sai an ɗebi jini ko fitsari kusa-kusa da lokacin da aka sha. Mu kuwa mun zo bayan kwanaki. Ta kuma ce ko allurar da aka yi masa a asibiti, da mun zo da wuri tana iya fitowa a layin ƙwayar barci, mu zargi yaro da abin da bai sha ba. Ban taɓa tunanin wannan ba.

Ina jin ana ta kiran a riƙa yi wa ɗalibai da masu shirin aure gwajin ƙwaya, kuma shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, Buba Marwa, ya daɗe yana wannan kira. Ba ni da ja a kan amfaninsa ga wiwi da tiramol da kodin, waɗanda su ne suka fi addabar unguwanninmu. Amma iyaye su san iyakar robar nan. Takardar da ta ce babu komai ba ta wanke kowa ba.

Likitar ta fitar da mu ta zauna da yaron su biyu. Yaya bai ji daɗi ba, yana ta cewa shi ya biya kuɗin. Da suka kira mu, yaron da bakinsa ya ba da izini a faɗa mana. Wata 'yar takarda ce mai zane, ba ta kai rabin kan sarki ba, abokinsa ya ba shi ya ce sunanta "asid", ba ta kama mutum, ba ta nunawa a gwaji, kuma masu ilimi ne ke shanta. Likitar ta yi masa tambayar da ta ba ni mamaki: "Da ka sa a baki, me ka ji?" Ya ce ɗaci, ɗaci kamar ƙarfe, harshensa kuma ya mutu na ɗan lokaci. Ta gyaɗa kai. Ta ce LSD ta gaskiya kusan ba ta da ɗanɗano. Ɗaci da mutuwar harshe, haɗe da jijjiga da zafin jiki irin wanda ya yi, sun fi kama da wani sinadari da ake kira 25I-NBOMe, wanda masu sayarwa ke ɗigawa a takarda su ce LSD ce. Ta ce ba za ta rantse ba tunda ba a auna takardar ba, amma da alamomin za ta yi aiki. Na yaba da wannan. Likitan da ya san inda iliminsa ya tsaya ya fi wanda ke da amsar kowace tambaya.

Da ta ji ni malamar kemistiri ce sai ta jawo takarda ta fara zane, muka shiga hira har Yaya ya fara hamma. Zan kawo abin da ya kamata uwa ko uba su sani, wani daga bakinta, wani daga abin da na bi na karanta daga baya.

LSD tsohuwa ce. Wani masanin sinadarai, Albert Hofmann, ya haɗa ta a 1938 a kamfanin magunguna na Sandoz da ke Basel a ƙasar Suwizalan, daga wata fumfuna da ke kama hatsin da Turawa ke yin burodi da shi. Magani yake nema, ba maye ba. Sai a watan Afrilun 1943 ya gano abin da take yi wa hankali, bayan ɗan kaɗan ya shiga jikinsa yana aiki. Awonta da maikirogiram ake yi, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Ƙwayar fanadol ɗaya miligiram 500 ce, kowane miligiram kuma maikirogiram dubu ne. Mai karatu ya yi lissafi ya ga yadda abin da ido ba ya gani ke iya riƙe mutum sa'a takwas zuwa goma sha biyu.

Yadda take aiki: a ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai kai saƙo da ake kira sirotonin, yana da makarɓai iri-iri da yake sauka a kansu. Ɗaya daga ciki, mai suna 5-HT2A, yana da yawa a ɓangaren da ke tsara abin da muke gani da ji da tunani. LSD tana sauka a kan wannan makarɓi ta tayar da shi ba bisa ƙa'ida ba. Shi ke nan launi ya ƙara kaifi, bango ya yi motsi, minti ɗaya ya zama kamar sa'a, mutum ya rasa inda jikinsa ya ƙare. Ba aljani ba ne ya shigo ɗakin. Idon lafiyarsa lau, mai fassara abin da ido ya kawo ne ya rikice.

Ita kuwa 25I-NBOMe jiya-jiya aka yi ta. Ralf Heim ne ya fara haɗa ta a 2003 a wata jami'a a Berlin ta ƙasar Jamus, daga baya ɗakin binciken David Nichols a Jami'ar Purdue ta Amurka ya ci gaba da nazarinta. Don binciken makarɓin nan aka yi ta, ba don ɗan Adam ya sha ba. Asalinta wani sinadari ne mai suna 2C-I, daga jerin waɗanda Alexander Shulgin ya ƙirƙira, aka ƙara masa reshe ɗaya a jiki, ƙarfinsa ya ninka sau da yawa. Wannan ne ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na malama, don kullum ina gaya wa ɗalibai cewa canji kaɗan a ginin sinadari yana sauya halinsa baki ɗaya, suna kallona kamar tatsuniya nake yi. Wajen 2010 ta fara yawo a intanet. Ta fi LSD sauƙin haɗawa da araha, kuma a lokacin doka ba ta san da ita ba, shi ya sa dillalai suka rungume ta.

Bambancinsu a jiki shi ne wanda ya kusa kashe mana yaro. LSD tana da haɗarinta, amma ba kasafai take kashe mutum ta hanyar guba kai tsaye ba. Yawancin ɓarnarta daga firgici ne da abin da mutum zai aikata hankalinsa ba ya jikinsa, ya faɗo daga bene ko ya shiga titi. NBOMe ta fi ta matsa wa makarɓin, makarɓin nan kuma ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake ba, akwai shi a jikin jijiyoyin jini. Sai jijiyoyi su tsuke, jini ya hau, zuciya ta yi ta gudu, zafin jiki ya wuce misali, jijjiga ta biyo. In abin ya yi tsanani naman jiki yakan fara narkewa ya zuba dattinsa a jini, ƙoda ta toshe. Dalilin da ya sa asibiti suka duba masa ƙoda ke nan, ko da ba su yi mana bayani ba. Tazarar da ke tsakanin awon da ke sa maye da wanda ke kisa ƙarama ce ƙwarai, kuma mai ɗiga ruwan a takarda ba ma'auni yake riƙe da shi ba, yanki ɗaya zai iya ɗaukar ninkin na kusa da shi. Hukumar yaƙi da ƙwaya ta Amurka ta danganta dangin NBOMe da mutuwar aƙalla mutum 19 masu shekara 15 zuwa 29, tsakanin Maris 2012 da Agustan 2013. Babu wani makari da ake ba wanda ya sha. Abin da asibiti ke yi shi ne su kwantar da jijjiga, su sauke zafi, su ba da ruwa, su tsare numfashi har jiki ya fitar da ita.

Na tambayi likitar game da madara da manja da muke ɗura wa wanda ya sha guba. Ta ce kada a kuskura, mai jijjiga ko wanda ba ya cikin hayyacinsa zai iya shaƙewa abin ya tafi huhu. Kada a danne shi, kada a ɗaure shi, kada a cusa masa cokali a baki. A kwantar da shi ta gefe, a cire masa kaya masu nauyi, a nufi asibiti, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha. Addu'a a yi ta a cikin mota, in ji ta, ba ta hana tafiya. Ko Hajiya da na kai mata wannan magana ba ta musa ba.

Inda likitar ta fi daɗewa shi ne tarihin gida. Ta tambayi Yaya ko a dangi akwai wanda ya taɓa samun taɓin hankali. Ya ce babu. Na dube shi. Muna da kawu da ya yi shekaru a ɗaki, wanda a gida ake cewa sammu aka yi masa. Na faɗa, Yaya ya harare ni, amma likitar ta rubuta. Ta ce irin waɗannan ƙwayoyi suna iya tayar da ciwon da ke kwance ga wanda yake da gadonsa, kuma shekarun yaron su ne daidai lokacin da irin ciwon ya saba bayyana. Saboda haka ta ce za ta riƙa ganinsa lokaci-lokaci ko da ya ce ya warke. Ta kuma tambaya ko ya taɓa shan tiramol, domin shi ma yana taɓa sirotonin kuma yana saukaƙa wa jijjiga hanya, haɗuwarsu mummuna ce. Haka wanda ke shan maganin litiyom na ciwon hawa da saukar yanayi.

Akwai wani abu da yaron ya ɓoye mana sai a ɗakinta ya faɗa. Bayan makonni, in ya kalli fitilar mota da dare yana ganin haske yana jan wutsiya, in ya dubi farin bango yana ganin ɗigo-ɗigo suna rawa. Ya ɗauka haukacewa yake yi, ya daina barci, ya daina fita. Ta ce masa abin sananne ne, likitoci suna kiransa HPPD, wato gane-ganen da ke saura bayan ƙwaya ta bar jiki, ba hauka ba ne, ga mutane da yawa yana raguwa da lokaci, amma wiwi da rashin barci da fargaba suna ƙara shi. A mota muna dawowa ya ce, "Gwaggo, da na san yana da suna da tuni na faɗa." Wannan zama ɗaya ya biya kuɗinsa.

Ta kuma gaya mana abin da wani wurin ba zai faɗa ba don kada ciniki ya ragu: irin wannan ƙwaya ba ta kama jiki yadda kodin da tiramol ke yi. Wanda ya bari ba ya ciwon gaɓoɓi da gudawa da rawar sanyi. Don haka yaron ba ya bukatar kwanciya ko "wankin jini". Abin da yake bukata a gano me ya kai shi, da su wa yake yawo, da yadda zai fita daga fargabar da ta kama shi.

Mai ba da shawarar, wani matashi ne mai haƙuri, shi ya ɗauki wannan ɓangaren. Yaron ya zo masa da hujjar da ya kwaso a YouTube, wai Turawa ma yanzu magani suke yi da waɗannan abubuwa. Ni da na ji sai raina ya ɓaci. Shi kuwa bai ƙaryata shi ba. Ya ce gaskiya ne ana bincike, har ƙasar Ostireliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da wasu sinadarai biyu masu taɓa hankali, silosaibin da MDMA, ga wasu marasa lafiya tun daga Yulin 2023. Amma a can sinadarin tatacce ne, an san awonsa, an tantance mara lafiya an cire duk mai gadon taɓin hankali, likita yana zaune kusa da shi daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Kai da kawun babanka, ko a can ba za su ɗauke ka ba. Kuma babu ƙasar da ke ba mara lafiya NBOMe." Yaron ya rasa ta cewa. Da tsawa aka yi masa da ya koma wa wayarsa ya ƙara gaskata ta.

Yanzu ga inda suka gaza. Da Yaya ya tambayi matsayin abin a doka, don tsoronsa kada a zo a kama yaron, amsar da muka samu ita ce "haramun ne a doka, amma mu ba ma kai rahoton kowa". Rabin na biyu ya kwantar mana da hankali, rabin farko kuwa bai ƙoshar ba. Wurin da ke karɓar irin wannan kuɗi ya kamata ya tanadi ko da takarda ɗaya da Hausa mai bayanin doka. Sai da na je wurin wata lauya maƙwabciyarmu ta buɗe mini dokar NDLEA, hukumar da aka kafa da Dokar Soja ta 48 a 1989. Sashe na 11 ya ambaci LSD da sunanta, tare da hodar iblis da hiroyin "da makamantansu". Wanda ya shigo da ita ƙasa, ko ya haɗa, ko ya yi safara, ko ya sayar, ko ya saya, hukuncin da aka rubuta ɗaurin rai da rai ne. Wanda aka kama da ita ko yana sha da saninsa, shekara 15 zuwa 25. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar. Lauyar ta ce alƙalai sukan sassauta, amma sunan mutum ya riga ya shiga littafi, kuma abokin da ya miƙa takardar "kyauta" ya fi kowa shiga haɗari.

Masu cewa NBOMe sabuwa ce doka ba ta san ta ba, labarinsu ya tsufa. Amurka ta haramta ta a Nuwamban 2013, Ingila ta sa ta a aji mafi tsanani a 2014, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a Maris 2015 ta saka 25I da 'yan uwanta 25B da 25C a jadawali na ɗaya na yarjejeniyar 1971 kan ƙwayoyin da ke taɓa hankali, jadawalin da LSD take ciki. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar. Duk wannan ni na tattaro na kai wa mai ba da shawarar, ya yi godiya ya ce zai buga ya manna. Har zuwana na baya-bayan nan bangon yana nan fayau.

Zaman rukuni da suke yi ran Asabar shi ma bai yi wa yaronmu amfani ba. Kusan duk mahalartan masu kodin ne da tiramol da wiwi, hirarsu ta yadda jiki ke ciwo in ba a sha ba ce, shi kuwa ba damuwarsa ke nan ba. Ban ga laifinsu sosai a nan ba. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 dangin tiramol (wasu suna haɗa fiye da ɗaya), masu ƙwayar gane-gane kuwa 'yan dubbai ne kawai a cikin wannan taro. Dole cibiya ta karkata inda jama'a suke. Abin da na ga laifinsu a kai shi ne sun karɓi kuɗin rukunin tun farko a dunƙule, ba su maido ba da muka janye. Sannan zaman da Turanci da buroka ake yi, maza da mata a haɗe. Binciken nan ya ce cikin kowane mutum huɗu masu sha ɗaya mace ce. Wace uwa ce a Anguwan Rogo ko Rikkos za ta bar 'yarta ta zauna cikin samari tana tona asirinta? Na yi wa likitar wannan magana, ta ce ma'aikata ne ba su da su.

Akwai kuma ɗan kantin magani a bakin ƙofa, inda yarinyar da ke ciki ta so ta haɗa mu da wasu ƙwayoyin bitamin masu tsada wai suna "wanke ƙwaƙwalwa". Likita ba ta rubuta ba, ban saya ba. Da na gaya wa likitar sai ta ɓata fuska ta ce kantin haya yake, ba nasu ba ne. To, a cikin harabarsu yake, mai shigowa ba ya bambancewa. Lambar wayarsu ma bayan la'asar ba a ɗauka. Wani dare da fargaba ta taso wa yaron, layin kyauta na NDLEA muka kira, 0800 1020 3040, wanda ke aiki dare da rana, aka samu wanda ya yi magana da shi har ya natsu.

Wa zan ba shawarar ya je? Wanda ɗansa ya sha abin da ba a san ko mene ne ba, ko ya canza hali gwaji kuma ya ce babu komai, ko yake gane-gane bayan an ce ya warke. Wanda ke cikin jijjiga ko zafin jiki ba nan zai nufa ba, sashen gaggawa na babban asibiti zai je, don cibiyar ba ta da gado ko iskar numfashi. Wanda aljihunsa bai kai ba, asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. In kuwa za ka je wannan cibiya, ka nemi ganin likitar kanta tun zuwan farko, kada ka tsaya a kan gwaji. Ka tafi da takardar sallamar asibiti, da duk maganin da yaron ke sha, da wani daga dangi wanda zai iya faɗin ciwon da ke cikin gida ba tare da kunya ba. Kuɗin rukuni kuma kada ka biya a dunƙule sai yaron ya halarci zama ɗaya ya ga ko irin nasa ne.